Shaf ɗin aksul a tseren kwata mil da gasar jan kaya: wane ƙarfe, wane kauri?

A filayen tseren miƙaƙƙen layi na Amurka akwai wani amo da duk wanda ya daɗe a harkar ya sani. Fitila ta koma kore, inji ya yi ruri, sai a ji ƙas kamar an fasa dutse. Mota ta ɗan zabura ta tsaya cik, ko ta karkace ta nufi katanga, inji kuwa yana ta ihu ba inda za shi. Shaf ɗin aksul ne ya tsinke. Sandar ƙarfe ce da kaurinta bai kai wuyan hannu ba. Gefe ɗaya tana da haƙora da ke shiga cikin tukunyar aksul, ɗaya gefen kuma faifai ne da ake ɗaura taya a kai. Duk ƙarfin da inji ya tara, ta cikinta zai bi kafin ya taɓa ƙasa.

Da zarar ta tsinke, tambayar da mai mota ke fara yi ita ce wane ƙarfe ya fi kowanne ƙarfi, ya je ya sayo. Masu sayarwa kuwa ba sa rasa amsa, ga lambobi nan jere: 1541H, 4140, 4340, 300M, kowanne ya fi wanda ya gabace shi tsada. A ganina tambayar ta zo da wuri. Sunan ƙarfe shi ne abu na uku ko na huɗu da ya kamata a duba, kuma mutum zai iya biyan kuɗin 300M ya dawo da abin da bai fi wanda ya cire ba.

Wasannin biyu da ake magana a kansu ba su yi kama ba. Na farko tseren kwata mil ne, mita 402, motoci biyu kafaɗa da kafaɗa daga tsaye. Hukumar NHRA, wadda Wally Parks ya kafa a 1951, ita ce babbar mai shirya shi. Manyan motocinsu na ajin Top Fuel, tun 2008 ƙafa 1,000 suke gudu maimakon kwata mil, suna cinye ta cikin sakan huɗu ba 'yan kai. Amma yawancin masu sayen shaf ba waɗannan ba ne. Mutane ne masu tsohuwar Mustang ko Camaro da suka ƙara wa inji ƙarfi suna zuwa fili a ƙarshen mako. Na biyu gasar jan kaya ce, wadda ta tsiro daga ƙauyukan manoman tsakiyar Amurka. Ƙungiyar NTPA da aka kafa a 1969 tana cikin manyan masu shirya ta, kuma taron Bowling Green na jihar Ohio shi ne kamar babbar sallarsu. Ana ɗaura wa tarakta ko a-kori-kura wata doguwar tirela da sarƙa a kan filin jar ƙasa mai tsawon ƙafa 300, wajen mita 91. A kan tirelar akwai akwatin nauyi da ke tafiya gaba a hankali yayin da ake ja, yana danne wani faffaɗan farantin ƙarfe a ƙasa. Tun tana gangarawa a kan tayoyinta har ta koma tana noman ƙasa da ƙirji. Wanda ya fi kai ta nesa shi ya ci.

A tseren kwata mil, bugu ɗaya ne mai tsanani a farkon sakan, daga nan nauyin sai raguwa yake yi. A jan kaya abin a juye yake: ana farawa da sauƙi, wuya tana ƙaruwa taku bayan taku, mafi tsananinta a ƙarshen fili lokacin da mota ke neman tsayawa inji kuma yana kan ganiyarsa.

Yana da kyau a ga girman ƙarfin da ake magana a kai. Ɗauki injin da ke ba da ƙarfin murɗa na nuton-mita (Nm) 800, wanda ba abin mamaki ba ne a wannan harka. Kwambatar giyar otomatik, tukunyar mai da ke haɗa inji da giyabos, tana iya kusan ninka shi a lokacin tashi, ya zama 1,600. Giyar farko ta Powerglide, giyabos mai giya biyu da masu tsere ke so, tana ninkawa sau 1.76. Babban giyan cikin aksul, a ce mai 4.10, shi ma ya ninka nasa. Lissafi ya kai sama da Nm 11,500. Shaf biyu ne za su raba, amma rabon ba ya zama daidai kullum, don masu tsere kan cire difarenshal, giyan da ke barin taya ɗaya ta fi ɗaya gudu a kwana, su sa dunƙulen ƙarfe da ke tilasta wa tayoyin biyu juyawa tare. Idan taya ɗaya ta zame, ɗayar ce za ta kwashi kaso mafi yawa.

Abin da ke ceton shaf a motar gida shi ne taya. Idan ƙarfi ya yi yawa sai ta zame ta yi hayaƙi, shaf ya huta. Shi ya sa mutum zai shekara yana ƙona tayoyi a titi da shaf ɗin kamfani lafiya lau, ranar da ya sa tayoyin tsere masu laushi marasa zane, ya hau filin da aka fesa wa gam, ranar ce za a ji ƙas ɗin nan. Inji bai canza ba. Ƙasa ce ta daina yafewa.

Kauri kafin suna

Idan aka murɗa sanda, fatarta ce ke shan wahala. Can tsakiyar ɓargonta kusan ba ta jin komai, wahalar tana ƙaruwa ne daga tsakiya zuwa waje. Daga nan ne ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci ta fito: ƙarfin da sanda ke iya jurewa na murɗa yana tafiya ne da kaurinta ninki uku, wato kauri sau kauri sau kauri. Ƙara kashi 10 cikin 100 a kauri, ƙarfi ya ƙaru da wajen kashi 33. Ninka kauri, ƙarfi ya ninku sau takwas.

Masu tsere suna auna kauri da yawan haƙora. Shahararren aksul ɗin Ford mai giyan inci 9, wanda aka yi ta ƙerawa daga 1957 zuwa 1986 kuma har yau ake kwaikwayonsa, yana fitowa da haƙora 28 ko 31. Mai 28 kaurinsa wajen inci 1.2 ne, mai 31 ya ɗan haura 1.3. Ƙanƙanin bambanci a ido, amma mai 31 ya fi ƙarfi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Mai haƙora 35 inci 1.5 ne, ya kusa ninka mai 28. Mai 40 kuwa, inci 1.7, ya fi mai 35 da kusan rabi.

Yanzu a kwatanta da ribar canza ƙarfe. 300M da aka gasa yadda ya kamata yana jure ja har wajen megafaskal 1,900. Shi kuwa 4340, a taurin da aka saba ba shaf, yana tsakanin 1,400 da 1,600. Riba ce, amma ba ta wuce ta tashi daga haƙora 28 zuwa 31 ba. Ma'ana, shaf mai haƙora 28 na 300M, da duk tsadarsa, ba zai kamo mai haƙora 35 na ƙarfe matsakaici ba. Wanda ke da damar ƙara kauri ya fara da nan.

Sai dai a kula, ƙidayar haƙora tana aiki ne kawai idan girman haƙoran ɗaya ne. Shaf ɗin aksul mai suna Dana 44 haƙora 30 gare shi, kaurinsa wajen inci 1.3. Na babban aksul ɗin GM mai noti 14 shi ma haƙora 30 ne, amma inci 1.5, don haƙoransa manya ne. Har kusurwar haƙori ma ta bambanta, wasu digiri 30 wasu 45, ta yadda shaf biyu masu haƙora 35 daga kamfanoni biyu za su iya shiga rami ɗaya da ƙyar su yi ta cin juna. Kuma ba saman haƙori ake aunawa ba idan ana maganar ƙarfi, gindin kwarin da ke tsakanin haƙora ne, don nan ne sandar ta fi siranta.

Wannan ƙa'ida ta fata da ɓargo ita ce ta sa ake huda manyan shaf daga wannan kai zuwa wancan kamar bututun bindiga. A yi ramin inci bakwai bisa takwas a cikin mai haƙora 40, an zubar da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin sandar, ƙarfin da aka rasa kuwa bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Mai tseren kwata mil yana son haka, don duk abin da ke juyawa sai inji ya biya kuɗin juya shi. Mai jan kaya bai damu ba. Shi har ƙarafa yake rataya wa motarsa a gaba don ya cike nauyin da ajinsa ya yarda da shi.

Abin da lambobin ke faɗa

Lambobin nan tsarin ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE ne, kuma ba su da wuyar karantawa. Biyun farko suna faɗin dangin ƙarfe, biyun ƙarshe yawan kabon. 1040 baƙin ƙarfe ne zalla mai kabon kashi 0.40 cikin 100, kuma shi da 'yan uwansa irin 1050 ake yi wa yawancin motocin kamfani shaf da su. 1541 an ƙara masa manganis wajen kashi 1.5. 4140 yana da kuromiyam wajen kashi 1 da ɗan molibdinam. 4340 ya haɗa waɗannan biyun da nikel kusan kashi 2.

Duba ka ga kabon ɗinsu duka kusan ɗaya ne, 40, 41, 40, 40. Kabon shi ke yanke iyakar taurin da ƙarfe zai iya kaiwa, don haka a fata duk suna iya yin tauri kusan iri ɗaya. Aikin sauran sinadaran shi ne su sa taurin ya ratsa ciki. Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga an ciro jan ƙarfe da awartaki an tsoma a ruwa ya san tushen abin: sanyaya da sauri ke kawo tauri. Matsalar ita ce fata tana sanyi nan take, ɓargo kuwa yana riƙe zafi. A baƙin ƙarfe zalla, kafin ciki ya huce lokaci ya ƙure, sai ya zauna da laushinsa. Manganis da kuromiyam da molibdinam da nikel suna ba ƙarfe haƙuri, ya taurare ko da a hankali ya huce, ko a mai aka tsoma shi maimakon ruwa. Harafin H da ke bayan 1541H alkawari ne cewa an gwada zurfin da taurinsa ke kaiwa an same shi cikin iyaka. Nikel kuma yana da ƙarin kyauta, yana rage gautsi, ƙarfe ya sha duka bai fashe ba.

Wani abu da ke ba mutane mamaki: duk ƙarafan nan, kafin su kai iyakarsu, murɗuwarsu ɗaya ce. A ɗauki sanda biyu masu kauri da tsawo ɗaya, ɗaya 1040 ɗaya 300M, a murɗa su da ƙarfi ɗaya, kusurwar da za su juya ɗaya ce. Inda suka rabu shi ne nisan da kowacce ke iya zuwa ta dawo yadda take. Mai kyau tana murɗuwa da nisa ta warware kamar sifirin. Mai rauni tana kai wani wuri ta ƙi dawowa.

Gashin fata da gashin ɓargo

Nan ne maganar ta fi daɗi, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Hanya biyu ake taurara shaf. Ta farko, ana zura sandar ta cikin zoben tagulla mai ɗauke da wutar lantarki mai saurin kai-komo. Fatar ta yi ja cikin 'yan sakanni, ruwa na biye yana fesa mata, ɓargo kuwa bai ma san abin da ake ciki ba. Sakamako shi ne fata mai tauri sosai, wajen 55 zuwa 60 a ma'aunin Rockwell C, a kan ciki mai laushi. Ta biyu, ana sa sandar gaba ɗaya a tanderu ta yi ja har ɓargo, a tsoma a mai, a sake ɗumama ta a hankali don a rage mata gautsi. Tauri ya zama ɗaya ciki da waje, amma bai kai na waccan fatar ba.

Gashin fata dabara ce mai kyau ƙwarai. Ya sa tauri a inda wahalar take, kuma fatar da ta taurare tana matse kanta ta yadda tsaga ba ta samun saukin buɗewa. Wannan ya sa yake jure lanƙwasa ta yau da gobe, miliyoyin juyi a kan ramuka da tudun hanya. Ƙarfinsa na murɗa ya dogara ne da zurfin fatar, kuma shi ne dalilin da ya sa 1541H ya fi 1040: yana karɓar gashi mai zurfi. Rauninsa yana wurin bugu mai tsanani. Idan aka wuce iyaka, ciki mai laushi yana so ya murɗe, fata mai tauri ba ta iyawa, sai ta tsage, tsagar kuma ta ruga.

Gashin ɓargo yana ba da abin da mai tsere ke nema a sakan na farko: dukan naman sandar yana aiki, tana murɗuwa ta shanye bugu ta dawo. Kamfanin Strange Engineering na jihar Illinois yana yin shaf ɗinsa na tsere zalla da wani ƙarfe mai suna Hy-Tuf, mai ƙarancin kabon, wajen kashi 0.25, da silikon da manganis da nikel, a gasa shi har ɓargo. Shi kansa kamfanin bai yarda a hau titi da su ba. Wanda ke son mota ɗaya ta kai shi aiki ta kuma kai shi fili, shaf mai gashin fata ake sayar masa. Ba wai na tseren ba shi da ƙarfi ba ne. An yi shi don 'yan ɗaruruwan bugu masu nauyi, titi kuwa miliyoyin ƙananan lanƙwasa ne, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

To me ke lanƙwasa shaf tun farko? Nauyin mota. A yawancin ƙananan motoci da ƙananan a-kori-kura, shaf aiki biyu yake yi: yana murɗa taya, yana kuma ɗauke da nauyin mota a kan boris guda da ke bakin bututun aksul. Kowane juyi ɗaya, gefen da ke sama ya koma ƙasa, an lanƙwasa shi an miƙe. Duk bakaniken da ya taɓa ganin motar ɗaukar kaya da aka yi wa lodin da ya fi ƙarfinta ta yar da taya a hanyar kasuwa ya ga ƙarshen wannan labari. Wasu irin wannan aksul ɗin, kamar Ford 8.8 da GM mai noti 12, wani ɗan kilif mai siffar harafin C ne kaɗai ke riƙe shaf daga can ciki. Ya tsinke, taya da guntun sanda su zare su yi nasu wuri. A cikinsu kuma boris a kan jikin shaf ɗin yake gudu kai tsaye, don haka dole fatar ta kai taurin boris, gashin ɓargo ba zai yi ba. Dokar NHRA ta ce motar da ke cinye kwata mil a sakan 10.99 ko ƙasa da haka, ko wadda aka kulle tayoyinta su juya tare, ba za ta hau fili da shaf ɗin kamfani ba.

Manyan a-kori-kura masu shan gas, waɗanda ake jan kaya da su, tsarinsu daban ne. Taya tana zaune a kan boris biyu a jikin bututun aksul, bututun ke ɗaukar nauyi. Shaf aiki ɗaya gare shi, murɗawa. Za ka iya kwance notinansa ka zaro shi mota tana tsaye a kan tayoyinta. Dana 70, Dana 80, AAM 11.5 da ke ƙarƙashin motocin GM da Dodge, Sterling na Ford, duk haka suke. Tunda lanƙwasa ta fita daga lissafi, mai jan kaya yana da 'yancin zaɓar gashin ɓargo ba tare da fargaba ba, kuma shi ya sa 4340 da 300M suka zama ruwan dare a wurinsu.

Wahalarsu ta wani wuri take zuwa. Injinan Cummins da Duramax da aka buɗe wa turbo suna ba da ƙarfin murɗa da ya ninka na injin fetur, motar tana da nauyin wajen fam 8,000, sama da tan uku da rabi, sarƙar tirela kuma tana jan bayanta ƙasa tana ƙara wa tayoyin baya riƙo. Duk da haka ba jan da kansa ya fi karya shaf ba. Tsalle ne. Idan mota ta fara sukuwa, tayoyi su saki ƙasa su yi gudu a iska, su dawo su cafke, su sake saki, kowace cafka guduma ce a kan sandar da take a murɗe tun farko. Direban da ya san kansa yana ɗaga ƙafa daga totur da zarar ya ji haka. Wanda ya nace yana so ya ƙara ƙafa biyar, yakan tafi gida da shaf a hannu, wani lokaci har da farfela. A aksul ɗin gaba kuma inda ake yawan samun matsala shi ne gajeren shaf na waje da kunnuwan da ke riƙe mahaɗi. A tsofaffin Dana 60, na ciki haƙora 35 ne na waje 30, don haka na wajen ake fara sauyawa. Idan aji ya yi sama sosai, sai ka ga an bar maganar lambar ƙarfe gaba ɗaya an ɗauko aksul ɗin manyan motoci na Rockwell an sa. Kauri dai aka koma wa.

Ina 300M ya dace ke nan? A inda aka ƙure. Wasu ajujuwa sun ce sai da aksul irin na motar kamfani, ramin bututu da girman boris sun hana ƙarin kauri, ƙarfin inji kuma bai daina hawa ba. A nan sai a nemi ƙarfe. Shi 300M ɗan gidan 4340 ne da aka ƙara wa silikon wajen kashi 1.6 da ɗigon banadiyam, kuma babban aikinsa a duniya ƙafafun saukar jiragen sama ne. Akwai dalilin silikon ɗin. Idan aka ɗumama 4340 bayan tsomawa a tsakanin digiri 260 da 370 na Salshiyos, maimakon ya yi juriya sai ya ƙara gautsi, don haka akan haura sama da nan, a rasa tauri. Silikon yana ture wannan mugun yanki zuwa sama, sai a iya ɗumama 300M a wajen digiri 300 ya riƙe taurinsa na 52 zuwa 55 kuma bai zama kwalba ba. Ana kuma sake narka shi a tanderun da aka zuƙe wa iska don a kore datti.

Kowane allazi da nasa amanu. Ƙarfe mai tauri haka ba ya yafe rauni. Sawun haƙorin injin yanka da aka bari, tabon guduma, ɗan ramin tsatsa, kowanne na iya zama mafarin tsaga. Ba ya son walda ko kusa, kuma idan mai gashin bai san aikinsa ba, abin da ka biya ya tafi a banza. Na fi yarda da 4340 daga hannun wanda ya ƙware da gasa shi a kan 300M da ba a san tanderun da ya fito ba.

Sura ma tana da nata kaso, kuma ita ba a rubuta ta a jikin kwali. Shaf mai kyau, bayan haƙora sun ƙare, jikinsa yana sirancewa a hankali zuwa kaurin gindin haƙoran, ya tafi a haka sumul, sannan ya buɗe da lanƙwasa mai faɗi zuwa faifai. Mai kallo zai ce an rage masa ƙarfi. Amma idan jiki ya fi wurin haƙora kauri, jikin ba zai murɗe ba, duk murɗawar sai ta taru a 'yar tazarar da haƙora suka fito daga giya, nan kuma ake tsinkewa. Siririn jiki yana raba wahalar a tsawon sandar duka, ta zama sifirin. Haƙoran da aka matsa da nadi sun fi waɗanda aka yanka, don zaren ƙarfen yana bin siffar haƙori maimakon a datse shi. Tsohuwar dabarar nan ta yanke shaf ɗin kamfani a gajarta shi a sake yanka masa haƙora kuwa gyaran gangar Auzinawa ce idan mai gashin fata ne: an sassaƙe fatar da ke ɗauke da ƙarfin, an bar haƙora a kan nama mai laushi.

Guntun da ya karye yana faɗin abin da ya kashe shi. Ɗauki alli ka murɗa shi da yatsu, zai karye a karkace, da baki mai zagaye kamar dunƙulen igiya, kusurwa wajen digiri 45. Shaf ɗin da ya karye haka gautsi ne ya ci shi: tauri ya yi yawa, ko bugu ya fi ƙarfin fata. Wanda kuma ya yanke a miƙe, fuskarsa a goge kamar an shafa, haƙoran kusa da wurin sun karkace kamar an matse rigar wanki, wannan ya yi iya yinsa ne kauri ya gaza masa, maganinsa ƙarin haƙora. Idan kuwa ka ga layuka a fuskar karayar, zobe bayan zobe daga wani ɗan tabo a gefe, gajiya ce. Tsagar ta daɗe tana tafiya kaɗan-kaɗan, ranar ce kawai ta ƙarasa. A nan sai a nemi abin da ya fara ta: kaifin kusurwa, tsatsa, ko bututun aksul da ya lanƙwashe yana tilasta wa shaf juyawa a karkace. Irin wannan, ko da me ka maye gurbinsa zai sake.

Akwai kuma tambayar da ba kowa ke son ji ba: idan shaf ya daina karyewa, wa zai karye a madadinsa? Ƙarfin bai ɓace ba, yana neman na gaba mai rauni, ko haƙoran babban giya ko giyabos, waɗanda duk sun fi shaf tsada da wuyar canzawa. Masu tseren kwata mil sun san haka, shi ya sa suke sa giyan ƙarfe 9310 da aka bari da ɗan laushi don ya shanye bugu, maimakon 8620 na motar titi. A aksul mai aiki ɗaya, inda taya ba ta faɗuwa, wasu masu jan kaya sun gwammace shaf ya zama shi ne mai sadaukarwa, don ana zaro shi a sa wani cikin ɗan lokaci a bayan fili. A aksul mai aiki biyu da ke gudun kilomita 200 a awa, ba wanda ke wannan lissafi.

Tsofaffin hannu suna da wata al'ada da ba ta cin ko sisi. Kafin su sa sabon shaf, sai su ja masa miƙaƙƙen layi da fenti daga haƙora har faifai, su kuma rubuta hagu ko dama a jiki, don sandar da ta saba murɗuwa ta gefe ɗaya ba a juya ta. Bayan 'yan fitowa su zaro su duba. Idan layin yana nan a miƙe, su mayar. Idan ya fara karkacewa kusa da haƙora, sandar ta wuce iyakarta sau ɗaya ke nan, sai a kai ta gwajin maganaɗisu da ke fito da tsagar da ido ba ya gani, ko a jingine ta a kusurwar gareji a yi odar mai haƙora biyar a sama.